Hannun Shitu Mai Dabo

A Ƙarfi aka haifi Shitu, a gidan da ake noman dawa da auduga da damina, in kaka ta yi kuma a rataya jaka a shiga ƙauyuka wasan dabo. Dabon gidansu ba irin na fiddo ƙwai daga hula ba ne. Na 'yan tsana ne. Mutum zai kafa sanda a tsakiyar fili, ya lulluɓa mata babbar riga, ya shige ciki ya zauna. Can sai ka ga 'yan mutane na itace suna leƙowa ta wuyan rigar, suna gaisawa, suna zage-zage, suna dambe. Ba a ganin mai wasan ko kaɗan. Hannunsa ke aiki, shi ma a ɓoye cikin ɗan tsana.

Bahago aka haife shi, ubansa Ummaru kuwa bai ɗauki wannan da wasa ba. Ranar da Shitu ya fara kai hagu cikin akushi, tsumagiya ta sauka a kan yatsunsa har suka kumbura suka yi jini. Da abin ya ƙi, aka ɗaure masa hannun a ƙugu da igiyar rama, aka yi wata guda ba a kwancewa sai zai shiga bayan gida. Ya koyi ci da dama, gaisuwa da dama, riƙon fartanya da dama, har mutanen Ƙarfi suka manta da zancen. Amma ranar da Ummaru ya fara shigar da shi ƙarƙashin riga, sai ya ga daman na riƙe ɗan tsana kamar an ba ta taɓarya, hagun kuwa tana sa guntun itace ya ji kunya, ya sunkuyar da kai, ya ɗago a fusace. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"A nan ciki ba mai ganinka," in ji shi. "Yi da wanda Allah ya ba ka. In ka fita, ka mayar da shi aljihu."

Ya ƙara masa doka ɗaya, wadda shi ma a wurin nasa uban ya gada. "Yi malami, yi ɓarawo, yi tsohuwa mai masifa. Amma kada ka yi fuskar mai rai. Kada wani ya duba ya ce, ai wane ne."

Wannan dokar ba ta da wuyar kiyayewa, don itacen da suke sassaƙawa ba ya ba da kama. Duk 'yan tsanan gidan kamar 'yan uwa ɗaya suke, hula da gemu ke bambanta su.

A kakar 1963 Shitu ya ba talatin baya. Ummaru ya rasu, ya bar masa gona da jakar fata mai 'yan tsana tara. Matarsa Hansai ce kaɗai a duniya ta san da wane hannu yake wasa. A wannan kakar ya dawo daga wasa a ƙauyukan Funtua, ya shiga tasha neman motar Malumfashi. Ya samu wuri a bayan wata babbar mota, ya zauna da jakarsa a cinya.

Tashar a lokacin a hannun Maitama take. Shi ne babban 'yan kamasho, shi ke cewa wa zai hau, wa zai sauka. Ƙato ne, ɗan tauri, yana da giɓi a gaba, kunnensa na dama kuma rabi ne, an sare sauran a wani faɗa da ba wanda ya san kansa. Jar hularsa kullum a karkace take wajen guntun kunnen, ba ta kuma rufe shi. Bel ɗin injin mota yake riƙewa a madadin bulala.

Wani dillali ya iso da buhuna, ba wuri. Maitama ya nuna Shitu da bel.

"Kai, mai jaka. Sauko."

"Ranka ya daɗe, ai ni na fara zuwa."

"Ya ce me?" Maitama ya tambayi babban yaronsa Sanda, kamar bai ji ba.

"Ya ce shi ya fara zuwa, Maigida."

"To, shi zai fara sauka."

Ƙafa Sanda ya kama ya fizgo shi. Shitu ya faɗo ta baya, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Kafin ya tashi bel ya sauka a fuskarsa, ya tsaga masa leɓe, ya sake sauka a wuya. Jakar ta yi tsalle ta faɗa bayan wata mota da ke ja da baya. Yana kwance yana haɗiyar jini ya ji ƙarar, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Mutane suka kau da kai, kowa ya kama gabansa.

Bakwai cikin taran sun ragargaje. Wata mai fura ta ba shi ruwa ya wanke baki, ta ce ya je bayan tasha wurin mai gyaran kujerun mota, yana da sholisho, ko za a iya liƙa wani abu.

Mai gyaran kujerun sunansa Donatus, Ibo ne, ya shekara goma sha biyar a Funtua, Hausarsa ta nuna har da zagi. Ya zazzage jakar a kan tebur, ya jujjuya guntayen, ya girgiza kai.

"Abokina, wannan ba aikin sholisho ba ne. Wannan aikin murhu ne."

Shitu ya waiwaya. Idonsa na kan wani tsibi a gefen rumfa, guntayen wani abu rawaya-rawaya. Ya ɗauki ɗaya ya matse a tafinsa, ya saki, abin ya dawo yadda yake. Ya sake matsewa.

"Soso ne," in ji Donatus. "Sababbin motoci da shi suke zuwa a kujera. Ragowar yanka ce, zubarwa nake yi. Ko mota ta taka shi, tashi zai yi."

Shitu ya cika jakarsa da shi.

Rani guda ya yi yana koyon halin soso. Ya gane wuƙa yaga shi take yi, sai sabuwar reza, a ja ta sau ɗaya ba tare da an tsaya ba. Ya gane almakashi ke fitar da kumatu da leɓe, a riƙa tsinka kaɗan-kaɗan kamar kaza na tsattsagar hatsi. Sholisho a shafa gefe biyu, a jira ya sha iska, sannan a haɗa. Galura kuwa soso shanye ta yake yi kamar mai ƙishi, sai a matse a shanya a inuwa, don rana na sa shi ya yi gari. Baki da kwali ake yinsa, a naɗe biyu, yatsu huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa cikin ɗan aljihunsa. Hansai ta ɗinka riguna da ragowar atamfa. Da ya fita da su wasa, mutane suka ga abin da ba su taɓa gani ba: ɗan tsana mai buɗe baki, mai yatsine fuska, wanda za a murɗe wa wuya ya warware ya ci gaba da zagi.

Yara suka fara bin sa suna son a sayar musu. Donatus ne ya ga kasuwa a nan. Suka shirya: Shitu zai yanka na farko, wanda suke kira uwa, Donatus da matarsa Ebele su kwaikwaya da yawa, ƙanana, a kai kasuwannin Funtua da Bakori da Malumfashi. Da yake Donatus yawanci yana cikin wata mota yana aiki, Shitu kuma a gurguje yake zuwa, sai suka kafa ƙusa a ginshiƙin rumfa. Duk ɗan tsanan da aka gani rataye a wannan ƙusar, na kwaikwaya ne, ba sai an yi magana ba.

A kan uwa ta farko Donatus ya kama shi. Ya zura hannunsa na dama ciki, babban yatsa ya rasa wurin shiga. Ya canja hannu, ya shige daidai. Ya dubi Shitu, ya yi dariya.

"Malam Shitu, ashe kai—"

"Oga Dona, rufa mini asiri."

"Ni me na gani? Ni soso na gani." Daga ranar, duk wanda ya kwaikwaya sai ya mayar da aljihun yatsan ɗaya gefen, don yaran gari da dama za su sa.

Soso ya zo da abin da itace bai da shi, wato kama. Shitu ya san haka tun ranar da ya yanka wata tsohuwa Hansai ta ce kamar gwaggonta. Ya yi sauri ya ƙara mata hanci. Amma tabon bel na nan a leɓensa, duk sanda ya sha kunu mai zafi sai ya tuna. Wata rana da hantsi, yana zaune a zaure da reza, ya ga ya yanke rabin kunnen dama na wani sabon kai. Bai tsaya ba. Ya fitar da giɓi, ya rina ƙyalle ja, ya karkata hular.

Hansai ta shigo da ruwa, ta ajiye kwanon a hankali.

"Malam, ba Baba ya hana ba?"

"Ba zai bar jakata ba. Ƙauyuka kawai, inda Maitama ba ya zuwa."

A Gozaki ya fara fito da shi. Kan na leƙowa ta wuyan riga, kafin ya ce uffan, fili ya ɗauka: "Maitama! Wallahi Maitama ne!" Kusan kowane magidanci a wurin ya taɓa kai auduga Funtua, da yawa sun san ɗanɗanon bel ɗin. Ɗan tsanan ya yi ta hargagi, "Sauko! Kai, sauko!" sai tsohuwar nan ta fito da muciya, ta kama shi ta guntun kunne, ta lanƙwasa shi biyu, ta zauna a kansa. Wani dattijo ya yi dariya har aka riƙe shi. Kakar nan duka, ba a barin Shitu ya tashi sai tsohuwa ta zauna a kan Maitama.

Yawan jan kunnen ya sa wuyan ya tsage. Sholishon Shitu kuma ya ƙare. Ya bi ta Funtua, ya tarar Donatus ya tafi Zariya sayen kaya, Ebele na fama da mai ciniki. Motar Malumfashi na ta hon, an kusa cika. Ya ciro ɗan tsanan a naɗe cikin tsumma, ya duba inda zai ajiye ɓera bai ci ba, hannunsa ya kai shi inda ya saba kaiwa. Ya rataye a ƙusa, ya ce, "Madam, a ba Oga," ya ruga.

Da ya dawo bayan mako uku, Donatus ya miƙa masa uwar an liƙe wuyan tsaf, yana murmushi.

"Wannan ya fi duka tafiya. Arba'in muka yi, ko ɗaya bai kwana ba."

Shitu ya ja da baya. Ya zauna a kan wata tsohuwar kujera.

"Arba'in na me?"

"Na ƙusa mana." Murmushin ya fara gushewa. "Ba a ƙusa ka sa ba?"

"Gyara na kawo. Dona, ba ka ga ko wane ne ba?"

"Na gani. Na ce tun da kai ka rataye, ka san abin da kake yi. Bakori da Malumfashi na aika, ban sayar ko ɗaya a garin nan ba."

Amma mota ke kai kaya Bakori, mota ke dawo da su. Kafin ruwan farko, yaran Funtua na yawo da Maitama a hannu. Suna marinsa, suna rataye shi a reshe, suna jifa. Aka ce da farko shi kansa ya yi dariyar yaƙe, ya ƙwace biyu ya yaga. Sai damina ta faɗi, kurkunu ya fito masa a ƙafar hagu. Idon sawun ya kumbura ya yi ƙyalli, ya fashe, farin zaren ya leƙo. Aka naɗe kan a ɗan tsinke, ana ja kaɗan kullum. Ƙaton da ke cika tasha da tsawa ya koma dogara sanda. Ciwo ne da rabin ƙauyukan ƙasar ke yi duk shekara, daga ruwan tafki. Amma wata rana Sanda ya kawo masa ɗan tsana da ya tsinta a bayan rumfar mai shayi, an soka masa ƙayar aduwa uku, duka a ƙafar hagu.

Maitama ya jujjuya shi. Ya dubi ƙafarsa. A gaban 'yan kamasho da direbobi ya rantse: hannun da ya yi wannan siffa, sai ya farfasa shi, ko na wane ne.

Labarin ya iso Ƙarfi a bakin masu dawowa daga kasuwa. Hansai ta ce a ƙona uwar, kada ya sake taka Funtua sai ƙafar ta warke. Shitu bai ƙona ba, amma ya zauna. Kasuwa ɗaya ta ci, ta biyu ta ci, yana gona yana noman da bai san yana yi ba. Yakan tsaya ya dubi hagunsa a kan ƙotar fartanya. In aka farfasa ta, ba reza, ba almakashi, ba shiga ƙarƙashin riga, abin da kakansa ya ba ubansa ya ƙare a kansa. Sai kuma ya tuna kowa a Funtua ya san rumfar da soso ke fitowa. Ranar kasuwa ta uku ya rataya jakarsa.

"Malam, in ka je me za ka yi?"

"Ban sani ba."

"To bar jakar."

Bai bari ba.

Tun daga bakin tasha ya ji kururuwar Ebele. An rushe rumfar, an watsa soso cikin taɓo, an tara 'yan tsanan da aka ƙwato daga hannun yara a tsibi ɗaya, duk jajayen huluna. Donatus na ƙasa, rigarsa a yage, ido ɗaya ya rufe, jini na bin kunnensa. Mutum biyu sun riƙe Ebele. Maitama na zaune a kan benci da aka ɗauko masa, ƙafar a miƙe an naɗe ta da tsumma, ƙudaje na bi. Jama'a sun yi da'ira.

"Na sake tambayarka," in ji Maitama. "Kai ka ƙago shi, ko kawo maka aka yi?"

"Ni mai gyaran kujera ne, Maigida."

Bel ya sauka a bayansa. Sanda ya ƙara masa ƙafa a haƙarƙari, Donatus ya dunƙule yana tari.

"Ba ka san ni ba sai a kujera? Wa ya ba ka kunnena?"

"Kowa na ganin kunnenka."

Wani ya yi 'yar dariya a cikin taro, ya haɗiye ta. Fuskar Maitama ta yi baƙi.

"Sanda, kawo gungumen."

Aka jawo gungumen itacen da ake tare tayar mota da shi. Aka ɗora hannun Donatus a kai, wani ya take wuyan hannun. Sanda ya ɗauko ƙarfen cire taya. Ebele ta yi wata ƙara da yarensu.

"Ni ne."

Shitu bai san ya faɗa da ƙarfi haka ba. Da'irar ta buɗe masa. Maitama ya dube shi sama da ƙasa, bai gane shi ba. Mutum nawa ya sauko da su daga mota?

"Kai wane?"

"Shitu, daga Ƙarfi. Ni na yanka na farko. Shi kwaikwaya kawai ya yi, a kan kuskurena."

"Maigida, baƙauye ne," in ji Sanda. "Wannan ko akuya ba zai iya zanawa ba. An ba shi wani abu ne ya zo ya ɗauki laifi."

"In kai ne, nuna," in ji Maitama.

Hagun Shitu ta tafi bakin jaka da kanta, inda uwar take, wadda sai da hagu ake sa ta. Sai idonsa ya faɗa kan Donatus. Kuncinsa na kan taɓo, ido ɗayan da ya rage a buɗe yana kallon hannun nan, ya motsa kai kaɗan, gefe zuwa gefe. Shitu ya tsaya. Ya gyara igiyar jakar kamar abin da ya kai hannu yi ke nan. Ya sunkuya, ya ɗauki ɗaya daga cikin tsibin, na kwaikwaya, ya zura damansa ciki. Babban yatsa ya shige daidai.

Hannun ya yi nauyi, bakin na buɗewa a makare, kan na rawa. Ummaru da ya gani da ya tofar da yawu. Amma murya ba a hannu take ba. Shitu ya ɗaga ɗan tsanan sama, ya karkata masa hula, ya buɗe maƙogwaro.

"Kai, mai jaka! Sauko! Ya ce me, Sanda? To, shi zai fara sauka!"

Muryar Maitama ce, har da iskar da ke fita ta giɓi. Wannan karon dariyar ba ta haɗiyu ba, ta fashe ta ko'ina, har cikin 'yan kamasho. Maitama ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta hana shi, ya koma da nishi.

"Ku saki wancan. Ku kawo mini wannan."

Suka taru masa. Wani ya doke shi a ciki, wani ya share ƙafafunsa. Aka ja shi cikin taɓo zuwa gungumen. Ba wanda ya tambaya wane hannu. Ga shi kowa ya gani, ɗan tsanan ma na jikinsa. Sanda ya fizge shi ya jefar, ya shimfiɗa daman a kan itacen. Shitu ya tura hagunsa ƙarƙashin cikinsa, ya kwanta a kanta da duk nauyinsa.

Maitama ya ce a ba shi ƙarfen, da kansa zai yi. Aka matso da bencin.

Bugu na farko ya sauka a bayan hannun. Shitu ya ji ƙarar kafin ya ji zafin, irin ƙarar nan ta ranar jakarsa. Na biyu ya samu yatsu. Ya ciji ƙasa, taɓo ya cika masa baki. A na uku ya yi ihu, ya kira uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Bai san adadin sauran ba. Masu kallo sun ce biyar ne, wasu sun ce bakwai. Abin da ya riƙe a ransa kawai shi ne kada ya mirgina, kada hannun da ke ƙarƙashinsa ya fito ya kare ɗan'uwansa, don yana jin sa yana fizga kamar kifi.

"Gobe ka ƙara yin wani," in ji Maitama yana haki. Ya jefar da ƙarfen, ya sa aka zuba wa tsibin kananzir aka cinna wuta. Soso na ci da baƙin hayaƙi mai wari. Kafin a kira 'yan doka, tasha ta koma lodinta.

Donatus da haƙarƙari biyu a karye ya nemo motar da ta kai Shitu Gozaki wurin wani mai ɗori. Mai ɗorin ya taɓa hannun, ya ce shi ƙashi yake haɗawa, wannan kuwa tsaki ne, amma zai gwada. Wata uku hannun na cikin karare. Da aka kwance, ya warke a ƙanƙame kamar ƙafar kaza, ba ya buɗewa, ba ya rufewa.

Kurkunun Maitama ya gama fita bayan mako biyar, kamar yadda yake fita wa kowa. Ya riƙa gaya wa mutane tun ranar da ya farfasa hannun nan ya fara samun sauƙi, mutane da yawa kuma suka yarda.

Shitu ya yi shekara biyu bai shiga ƙarƙashin riga ba. A cikin ɗaki yake yanka, ƙofa a saye, Hansai na danne masa soson. Donatus ya sake kafa rumfa, amma ya cire ƙusar, ya ce daga yau sai an faɗa da baki. A rikicin 1966 ya kwashe iyalinsa ya tafi Gabas. Kafin ya tafi ya aiko da buhu biyu na soso Ƙarfi, da gwangwanin sholisho, ba wasiƙa. Ba su sake jin labarin juna ba.

A kakar da ta biyo Shitu ya kafa sandarsa a wani ƙauye gaba da Malumfashi. Ya tsaya a gaban mutane da shanyayyen hannunsa a waje, ya shige riga. Tsohuwa ta leƙo da muciyarta, ta yatsine fuska, ta yi atishawa. Wani mai kai kaya Funtua ya miƙe tsaye.

"La'ilaha! A gabana aka farfasa hannun mutumin nan. To wa ke motsa su?"

Zancen ya bazu cewa 'yan tsanan Shitu da kansu suke tashi. Bai taɓa cewa haka ne ba, bai kuma ƙaryata ba. Zancen ya isa har tashar Funtua, kuma an lura duk ranar da Shitu ya shigo neman mota, Maitama kan tuna yana da wani aiki a can bayan rumfuna. Uwar mai guntun kunne tana ƙasan jaka har soson ya yi gari, bai sake fito da ita ba, bai kuma sake yin fuskar mai rai ba.

Ya yi wasa shekara goma sha tara bayan nan. A masallaci, in aka miƙo masa hannu, wuyan damansa yake bayarwa. A duk garin da ya sauka, mai masauki zai kawo tuwo, maza su kewaye akushi, a ce, "Malam Shitu, bismilla." Sai ya ce ya gode, a ɗebar masa nasa daban. Ya ɗauki kwanon a kan gwiwar hannu, ya zaga bayan zaure inda ba kowa, ya juya wa ƙofa baya, sannan ya fito da hagunsa daga aljihu.